Maƙalar neman gurbi a jami'ar Amurka: labarin adashin Umma ko rubutun Kawu?

'Yar Funtuwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa cike Common App, fom ɗin neman gurbi a jami'o'in Amurka, ko suka tsaya wa wani ya cike. Komai na fom ɗin na gama tun da aka buɗe ranar 1 ga Agusta, saura maƙalar nan da mutum yake rubutawa a kan kansa, wadda ba a yarda ta gaza kalma 250 ko ta haura 650 ba. A nan na tsaya cik. Makarantar da na fi so tana rufe zagayen farko ranar 1 ga Nuwamba, kuma tattalin arziki nake so in karanta.

Rubutu biyu ne a hannuna.

Na farko da Kawuna muka yi, ko in ce shi ya yi ina zaune. Tsohon malamin Turanci ne, ya daɗe yana makin jarrabawa, duk danginmu shi ake kai wa takardar neman aiki ya duba. Ya ce abin da Bature yake son ji daga 'yar arewa shi ne wahala: ƙarancin karatun mata, auren wuri, 'yan bindiga, rashin wuta, sannan a rufe da alkawarin dawowa a ceto ƙasa. Ya buɗe da maganar wani shahararren mutum a kan ilimi, ya zuba Turancin da ni kaina sai da na buɗe ƙamus. Ba zan ce ƙarya ce ba, duk akwai abubuwan nan a jiharmu. Amma ba a gidanmu ba. Abbanmu taki da maganin feshi yake sayarwa a kasuwa, bai taɓa zancen cire ni daga makaranta ba, yayyena mata biyu ma sun gama ABU. In na karanta rubutun sai in ji kamar labarin wata nake karantawa.

Na biyu ni na rubuta da dare, ban nuna wa kowa ba. Umma uwar adashi ce a unguwarmu, hannu 24, ana zubin naira 2,000 duk Juma'a, mai kwasa ta tafi da 48,000. Tun ina aji uku na ƙaramar sakandare littafin yake hannuna, saboda idon Umma ba ya ganin ƙananan rubutu. Ni nake rubuta wadda ta zuba, wadda ta ce sai an jima, da wadda ta aiko yaro da rabi. Lokacin da takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, bayan an sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, adashin ya kusa watsewa, ni na riƙa bi gida-gida da wayar Umma ina nuna wa matan yadda ake tura kuɗi, waɗanda ba su da asusu kuma muka haɗa su da mai POS na bakin layi. Daga baya, da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na shekarar, na lura da wani abu a littafin. Wadda ta kwasa a Yuni ta sayi buhun shinkafa har da canji, wadda ta kwasa a Nuwamba kuɗin bai kai mata buhu ba, alhali zubinsu ɗaya. Kuma Umma bisa lalura take jera kwasa: mai biki, mai suna, mai kuɗin makaranta su ne a gaba. Waɗanda suke ƙarshe kullum su ne masu kawaici, waɗanda ba sa iya buɗe baki su ce a sa su gaba. Wato masu kunya ne suke biyan kuɗin tsadar kaya a madadin kowa. Abin ya hana ni barci, har na zana wa Umma jadawalin da za a riƙa juya layin a kowane zagaye.

Abin da nake tsoro shi ne kada a ga abin ya yi ƙanƙanta. Wasu suna rubuta sun kafa ƙungiya, sun ci gasar duniya, ni kuma in zo da littafin adashi mai bangon leda? Sannan duk sakin layi "na yi, na gani, na ce" ne, ina jin nauyinsa, ba haka aka rene mu ba. Kuma in na ajiye na Kawu, da wane ido zan dube shi? Wata ƙawata ta ce in zuba duka biyun a ChatGPT ya haɗe mini su wuri ɗaya. Don Allah a ba ni shawara.

Bazazzagiya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na biyun za ki tura, ba na ko shakka. Na yi digirina na farko a wata ƙaramar kwaleji a Amurka da cikakken tallafi, kuma duk kaka ina duba wa yaranmu irin wannan rubutu, don haka bari in gaya miki dalili, ba umarni kawai ba.

Ki fara da tunanin wanda zai karanta. Ma'aikaci ne a ofishin ɗaukar ɗalibai, yawanci an ba shi yanki guda na duniya, yana bin fayil bayan fayil daga Nuwamba har Maris, kowanne mintuna kaɗan yake samu. Kafin ya iso maƙalarki ya riga ya ga sakamakonki, ya ga jerin ayyukanki, ya ga abin da malamanki suka ce. Ya san kina da ƙoƙari, ya san daga ina kika fito. Abin da bai sani ba shi ne yadda kanki yake aiki idan kika ci karo da abu, da kuma irin mutumin da za a zauna da shi a aji da ɗakin kwana shekara huɗu. Wannan gurbin kaɗai maƙalar take cikewa. Rubutun Kawu yana ba shi labarin arewacin Najeriya, wanda zai iya samu a rahoton kowace hukuma, kuma na rantse miki ya karanta irinsa daga Kano, daga Nairobi, daga Kathmandu a cikin makon nan. Ki gwada wannan: ki rufe sunanki, ki tambayi kanki 'yan mata nawa ne a ajinku za su iya sa hannu a ƙasan rubutun ba tare da an canza layi ɗaya ba. Na Kawu kusan duka. Na adashi ke kaɗai.

Batun ƙanƙanta kuwa, a kalma 650 ƙaramin abu ne kaɗai yake shiga da kyau. Ki leƙa shafin jami'ar Johns Hopkins, duk shekara suna wallafa wasu maƙalun ɗaliban da suka ɗauka tare da bayanin abin da ya burge su. Za ki ga yawanci a kan abubuwan gida ne, girki, wasa, wata sana'ar hannu. Naki ma ya fi da yawa daga ciki ƙarfi, domin kin gano wata matsala ta gaske da idonki, a cikin lambobin da ke kika rubuta, kafin wani malami ya gaya miki sunanta. Mai son karanta tattalin arziki ba shi da shaidar da ta fi wannan.

A cikin tambayoyi bakwai na Common App, naki zai zauna a ta shida, wadda take tambayar abin da yake ɗauke miki hankali har ki manta da lokaci, ko ta farko mai zancen asali da abin da ya gina ki. In ya ƙi zama a ko'ina, ta bakwai a buɗe take, kowane batu. Kada ki ɓata dare a kan zaɓen, ba a ba da maki a kansa. Ki gama rubutun tukuna ki ga inda ya faɗa.

Yanzu gyara. Daga abin da kika faɗa a nan, labari biyu kika haɗa: na ƙarancin kuɗi da kika bi gida-gida, da na layin kwasa. Na farko labarin taimako ne, yana da kyau amma an saba jin irinsa. Na biyu labarin tunani ne, shi ne naki. Ki ba na farko layi biyu ko uku, ko ma ki kwashe shi gaba ɗaya zuwa jerin ayyuka. Akwai gurbi goma a wurin, kowanne da haruffa 150 na bayani, kuma akwai rukuni na musamman na ɗawainiyar gida. Yaranmu da yawa suna barinsa fanko don suna ganin riƙe littafin adashi ko zaman shago ko renon ƙanne ba aiki ba ne. Aiki ne, ki rubuta shi da adadin awannin da yake ci miki a mako.

Adashin kansa ki bayyana shi a jimla ɗaya, kamar yadda za ki gaya wa baƙuwa: mata 24, kowa ta zuba kaza duk Juma'a, ɗaya ta kwashe. Kada ki yi masa lacca. Ki bar lambobin a naira yadda suke, buhun shinkafar ya isa ya nuna wa mai karatu nauyinsu. Kada ki buɗe da maganar wani babban mutum, kalmominki kaɗan ne, ba ki da na ba wa wani aro. Kuma kada ki rufe da cewa za ki zama ministar kuɗi. Duk wanda ya karanta ya san yarinya 'yar shekara 17 ko 18 ba ta san inda za ta kasance ba nan da shekara 20, alkawarin ba ya ƙara komai.

Zancen kunya na fahimce ki sarai, ni ma a gidan da ba a yabon kai na tashi. Amma ki duba bambancin. "Ni mai hazaƙa ce, mai tausayi, mai son jagoranci" yabon kai ne, kuma ko su can ba ya burge su, don kowa yana iya faɗa. "Na jera ranakun kwasa a gefe, na jera kuɗin buhu a ɗaya gefen, na ga layin yana gangarowa" ba yabo ba ne, ba da labari ne. Ki faɗi abin da kika yi da abin da kika yi tunani, ki bar mai karatu ya zaɓa miki sifa da kansa. In kika bi haka za ki ga nauyin ya ragu, rubutun kuma ya fi ƙarfi.

ChatGPT kuwa, kul. A ƙarshen fom za ki sa hannu cewa aikin naki ne, kuma dokar Common App ta lissafa miƙa rubutun da na'ura ta ƙirƙira a matsayin naka a cikin zamba. Ko ba don doka ba, abin da zai yi miki shi ne ya goge duk abin da ya sa rubutun ya zama naki, ya mayar da shi sumul kamar na kowa.

Malamin Aji Shida

'Yata, na yarda da Bazazzagiya a kan zaɓi, amma bari in ɗan kare Kawunki, don sana'armu ɗaya da shi.

Abin da ya yi miki shi ne abin da aka horar da mu mu koyar. Insha'in WAEC kalma 450 ne, ana ba da maki a kan abin da aka faɗa, tsari, iya sarrafa harshe, da tsabtar nahawu. Yaron da ya buɗe da gabatarwa mai nauyi, ya jera hujjoji uku, ya rufe da kammalawa, ya ci. Shekara da shekaru muna gaya wa yara kada su sa kansu a cikin insha'in muhawara, su yi magana da yawun al'umma. Kuma tsarinmu na shiga jami'a bai taɓa tambayar yaro ko shi wane ne ba: makin JAMB bisa 400, jarrabawar tantancewa ta jami'a, sai jiha da ƙaramar hukuma. To mutumin da ya yi rayuwarsa a wannan tsari, ki ce masa ga rubutun da ake so yarinya ta yi hira da baƙo a kan littafin adashi, dole ya ga kamar wasa ne. Ba mugunta ba ce, wani fagen ne daban.

Inda na ɗan saɓa da Bazazzagiya shi ne, kada a watsar da duk abin da Kawu ya kawo. In akwai lokacin da aka rufe makarantarku saboda tsaro, ko kika rasa zangon karatu, ko kika yi shirin SAT, jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, ba wuta ba intanet, wannan gaskiya ce da ta shafi sakamakonki, kuma mai tantancewa yana bukatar ya sani. Sai dai ba a cikin maƙala ba. Fom ɗin yana da wani gurbi na bayanin ƙalubale da yanayin da ɗalibi ya shiga, kalma 250, da wani na ƙarin bayani, kalma 300. A nan ake faɗin irin wannan, a taƙaice, da kwanan wata, ba tare da neman tausayi ba. Abin da ya same ki kawai, ban da abin da ya sami jihar.

Game da yadda za ki fuskance shi: kada ki je ki ce nasa bai yi ba. Ki kai masa naki ki ce, Kawu, sun ce dole sai da muryata, kuma zan sa hannu a kan haka, ina so ka duba mini nahawu da alamomin rubutu. Ki ba shi fensir, ba biro ba. Duk inda ya gyara kuskuren lokaci ko harafi, ki karɓa da godiya. Duk inda ya canza miki kalma mai sauƙi da mai nauyi, ki yi shiru ki mayar da taki. Malamin Turanci in aka ba shi aikin farautar kuskure ya samu abin yi, ba zai ji an raina shi ba.

Sannan ki karanta shi da ƙarfi, a tsaye, kafin ki tura. Duk jimlar da harshenki ya sarƙe a kanta, ba taki ba ce ko kuma ta yi tsawo.

Ɗan Tudun Wada

Ƙanwata, tambaya ɗaya: Amurka kaɗai kike nema ko har da Birtaniya? Na tambaya ne don na ga yara suna ɗaukar maƙalar Common App su liƙa a UCAS, fom ɗin neman gurbi a jami'o'in Birtaniya, kuma abin ba ya tafiya.

A nan Ingila ba labarin rayuwarki suke nema ba, malaman sashen ne suke son su ga ko kin shirya wa kwas ɗin. Daga masu shiga a 2026 ma an canza tsarin: maimakon dogon rubutu guda, tambayoyi uku ne, me ya sa kike son kwas ɗin, yaya karatunki ya shirya ki, me kika yi a wajen aji da ya shirya ki. Jimillar haruffa 4,000 ne har da tazarar tsakanin kalmomi, kowace amsa kada ta gaza 350. Rubutu ɗaya ne yake zuwa duk zaɓinki biyar, don haka ba a ambaton sunan jami'a a ciki. Oxford da Cambridge da kwasa-kwasan likitanci suna rufewa 15 ga Oktoba, sauran sai Janairu. LSE, makarantar tattalin arziki ta London, ba ta yin intabiyu ga masu digirin farko, shi ya sa rubutun yake da nauyi sosai a wurinsu.

Adashin zai yi miki aiki a nan ma, amma da wata fuska. Layi biyu kan abin da kika gani a littafin, sauran kuma kan abin da kika je kika karanta saboda shi. Masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin irin wannan zubi, don akwai shi a Indiya da Kenya da Kamaru da wurare da yawa, kowa da sunan da yake kiransa. Akwai takardar da Timothy Besley da Stephen Coate da Glenn Loury suka wallafa a 1993 a mujallar American Economic Review, inda suka kwatanta adashin da ake fitar da mai kwasa ta ƙuri'a da wanda ake yin tayi, wanda ya fi matsuwa ya biya ƙari ya karɓa da wuri. Lissafin cikinta zai yi miki nauyi yanzu, amma gabatarwar za ki gane ta, kuma kai tsaye ta taɓa matsalar layinku. Ko a maƙalar Amurkan za ta buɗe miki ido, sai dai can kada ki cusa sunayen don burga.

Ki sani dai manyan jami'o'in nan da yawa ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye, sai an yi shekarar share fage ko A-level, kuma cikakken tallafi a matakin digirin farko yana da wuyar samu ƙwarai. In kuɗi ne matsalar, Amurka ta fi buɗe ƙofa.

Mai Lissafi

Ni dai zan ɗan zuba ruwan sanyi, a yi haƙuri. Ana ta zancen maƙala kamar ita ce mabuɗi. Ba ita kaɗai ba ce. Maƙala mai kyau tana raba ki da wanda kuka yi kunnen doki, ba ta ɗaga sakamako mai rauni. Jami'ar Duke ma tun 2024 ta daina ba wa maƙala maki na lamba, saboda na'ura da masu rubuta wa yara a biya su sun sa ba a iya tabbatar da wanda ya rubuta, ko da yake har yanzu suna karantawa don su san ɗalibi. MIT ta dawo da wajabcin jarrabawar SAT ko takwararta ACT a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024.

Babban abin shi ne kuɗi. Shekara ɗaya a manyan jami'o'i masu zaman kansu ta haura dala 80,000 in aka haɗa da masauki da abinci. Waɗanda ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, kuma su biya masa duk bukatarsa, 'yan kaɗan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin, kuma wasunsu ba sa ɗaukar ko 5 cikin 100 na masu nema. Sauran suna duba nawa kike bukata kafin su yanke hukunci. Don haka ki faɗaɗa jerinki, Common App yana ba ki har makaranta 20. Ki fara tattara takardun CSS Profile, fom ɗin neman tallafin kuɗi, yanzu, don Abbanku ɗan kasuwa ne, ba shi da takardar albashi, haɗa bayanin kuɗin shigarsa zai ci lokaci. Ki tuntuɓi EducationUSA, ofishin gwamnatin Amurka mai ba ɗalibai shawara, a Abuja, shawararsu ta fi ta ejan. Kuma ki riƙe gurbinki na gida da kyau, kada ki sake shi sai kin ga biza a fasfo.

Ki kuma duba ko zagayen 1 ga Nuwamban nan mai ɗaure mutum ne. Akwai wanda in an ɗauke ki dole ki je ki janye sauran, akwai wanda ba dole.

'Yar Funtuwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, dabarar fensir ta yi, Kawu ya karɓa har yana cewa waƙafina sun yi yawa. Yaya Mai Lissafi, na duba, ba mai ɗaurewa ba ne, kuma sunana ya fito a jami'ar gida, ina riƙe da shi.

Anti Bazazzagiya, saura ƙarshen. Na cire na bi gida-gida kamar yadda kika ce, yanzu ina kalma 540. Amma gaskiyar abin da ya faru ba ta da daɗin rufewa, don ba a karɓi jadawalina ba. Umma ta ce in kai wa matan da kaina. Da na yi bayani, wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a ƙarshen layi, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta ce ita a bar ta inda take. Ta ce ta san kuɗin yana raguwa, ba sai na zana mata ba, ita take zuwa kasuwa. Amma in ta kwasa da wuri, kafin wata ya ƙare 'ya'ya da jikoki da masu zuwa rance sun cinye, sannan ta shafe wata biyar tana zubin abin da babu shi. In tana ƙarshe kuwa, duk wanda ya zo ta ce kuɗi suna wurin uwar adashi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Mata uku suka goyi bayanta. A ƙarshe huɗu ne kawai suka yarda a riƙa juya musu, sauran aka bar su yadda suke.

Shin in tsaya a inda na zana jadawalin, in bar wannan? Ina ganin kamar zai nuna ban yi nasara ba.

Bazazzagiya

Ƙanwata, kina so ki yanke wurin da ya fi ko'ina kyau! Wannan dattijuwar ita ce maƙalar. In kika tsaya a jadawali, labarin ya zama na yarinya 'yar boko da ta zo ta gyara wa matan unguwa lissafi, kuma mai karatu mai hankali zai ɗan ja baya. Da ita a ciki, ya zama na yarinyar da lissafinta daidai ne, amma ta gano akwai abin da matar take saye da wannan ragin wanda bai shiga littafi ba: wurin ɓoye kuɗi daga hannun da ba ta iya hanawa. Akwai masana da suka yi shekaru suna nazarin dalilin da yake sa mutane su zaɓi ɗaure kuɗinsu da gangan ko da za su yi asara, ke kuma a tsakar gida aka gaya miki.

Ga yadda zan raba in ni ce. Kashi ɗaya cikin uku ga littafin da abin da kika gano. Kashi ɗaya ga zaman da maganarta, ki kawo ta yadda ta faɗa, gajeriya, har da "ni nake zuwa kasuwa", kada ki yi mata ado. Sauran ga abin da ya canza a aikinki bayan nan. A nan ne yawancin yara suke zamewa su koma "wannan ya koya mini cewa", su jero darussa. Ke ki faɗi abu na zahiri. Yanzu da sabuwa ta shigo adashin, me kike tambayarta wanda da ba kya tambaya? Huɗun da aka juya musu, ya suka ƙare? Akwai tambayar da har yau ba ki samu amsarta ba, misali ko akwai hanyar da za a kare mai son ƙarshe daga tsadar kaya ba tare da an ba ta kuɗin da wuri ba? In akwai, ki tsaya a kanta, an yarda maƙala ta ƙare da tambayar da mai ita yake bi da gaske.

Kada ki sa sunanta na gaskiya, kuma ki gaya wa Umma abin da kika rubuta kafin ki tura, sirrin kuɗin mutane ne. Kalma 110 da suka rage sun ishe ki in kika rage bayanin farko. Ki manna shi a akwatin fom ɗin tun da wuri ki duba yadda ya fito, don wani lokaci sakin layi yana haɗewa kuma ƙidayarsu tana ɗan bambanta da ta kwamfutarki.

Kuma ki buɗe shafin kowace makaranta a cikin fom ɗin yau, yawancinsu suna da nasu ƙananan tambayoyin ban da wannan, musamman ta "me ya sa mu". Waɗannan ba a kwafa daga wata zuwa wata, sai kin shiga shafin sashen tattalin arzikinsu kin ga darussan da suke koyarwa. Ki turo mini sabon daftarin ta akwatin saƙo kafin tsakiyar Oktoba, ki kuma tuna wa malamanki wasiƙun shaida a makon nan, su ne suka fi jawo latti.